Alƙawarin Kashi 35 Cikin 100: Yadda Rabon Muƙamai ga Mata Ya Maƙale Tsakanin Kotu da Majalisa a Najeriya

A ranar 6 ga Afrilu, 2022, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Donatus Okorowo, ta yanke hukunci a kan wata ƙara da gamayyar ƙungiyoyin mata da na fararen hula suka shigar tun a shekarar 2020, inda suka yi ƙarar gwamnatin tarayya a kan yadda take raba muƙaman gwamnati. Daga cikin masu ƙarar akwai ƙungiyar Nigerian Women Trust Fund da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, kuma lauya Funmi Falana ce ta jagoranci lauyoyinsu. Abin da suka nema a wurin kotu ba sabon abu ba ne, domin gwamnati ce da kanta ta rubuta shi a cikin Manufar Jinsi ta Ƙasa ta shekarar 2006, wato cewa za a ware wa mata aƙalla kashi 35 cikin 100 na muƙaman da ake naɗawa. Kotu ta gamsu da hujjarsu, ta ce naɗe-naɗen da suka karkata ga maza sun saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki wanda ya hana nuna bambanci saboda jinsi, sannan ta umarci gwamnati da ta aiwatar da manufar da ta amince da ita shekara 16 kafin wannan hukunci.

Kafin wannan hukunci, adadin mata a majalisar ministoci yana hawa yana sauka ne gwargwadon ra'ayin wanda ke kan karaga. A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa mata 13, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na ministocinsa, kuma wasu daga cikinsu sun riƙe manyan ma'aikatu, irin su Ngozi Okonjo-Iweala a ma'aikatar kuɗi da Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i a ma'aikatar ilimi. A 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa ministoci 36, mata 6 ne a ciki, sannan a 2019 ya naɗa 43, mata 7. Babu wata doka da ta canja tsakanin 2011 da 2015, haka kuma yawan mata masu ilimi da gogewa bai ragu ba a cikin shekara huɗun nan. Shugaban ƙasa ne ya canja, sai adadin ya faɗo da kusan rabi.

Gwajin farko da hukuncin kotun ya fuskanta ya zo ne a watan Agusta na 2023, lokacin da aka rantsar da ministoci 45 na Shugaba Bola Tinubu. Da an bi umarnin kotu, da mata 16 ne za su sha rantsuwa a ranar, amma 8 ne suka sha, wato ƙasa da kashi 18 cikin 100. Majalisar Dattawa ta tantance sunayen ta amince da su ba tare da ta mayar da batun hukuncin wani sharaɗi ba, alhali sashe na 287 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa dukkan hukumomi da mutane bin hukuncin Babbar Kotun Tarayya. Wannan shi ne asalin abin da ya kamata a bincika: me ya sa alƙawarin da gwamnati ta rubuta, kotu kuma ta tabbatar, ya kasa sauya ko da jerin sunaye guda?

Amsar farko tana cikin kundin tsarin mulkin kansa. Najeriya ƙasa ce da ta ƙware wajen tilasta raba muƙamai, domin sashe na 14(3) ya ce dole gwamnati ta kasance tana wakiltar sassan ƙasa, sashe na 147(3) kuma ya fayyace cewa wajibi ne shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Har hukuma guda aka kafa domin sa ido a kan raba daidai tsakanin jihohi a ma'aikatun tarayya. Tun 1999 babu shugaban da ya yi gigin kafa majalisar ministoci ya bar Jigawa ko Ebonyi a waje da hujjar cewa bai samu wanda ya cancanta daga can ba, saboda ya san doka ba ta ba shi wannan zaɓi ba. Rabon da ya shafi jiha an rubuta shi da lamba a wurin da ba a iya tsallakewa. Rabon da ya shafi mata kuwa an bar shi a takardar manufa, wadda ma'aikatar harkokin mata ke riƙe da ita, kuma babu hukuncin da ke hawa kan wanda ya ƙi bin ta.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda rabon jihohin ke aiki a zahiri. Yawancin jihohi gurbi ɗaya suke samu, kuma gwamna ko jagoran jam'iyya a jihar ne ke da ta cewa a kan wanda za a miƙa sunansa. Masu jiran wannan gurbi su ne tsohon gwamnan da ya gama wa'adinsa, da ɗan takarar da ya faɗi zaɓe, da daraktan kamfe, da wanda ya zuba kuɗi, kuma kusan dukkansu maza ne. Kowace jiha idan aka dube ta ita kaɗai tana da dalilin da za ta bayar na zaɓen mutuminta, amma idan aka tara zaɓin jihohi 36 wuri ɗaya sai a wayi gari da jerin da mata ba su kai kashi ɗaya bisa biyar ba, ba tare da an iya nuna mutum guda a ce shi ne ya yanke shawarar a cire su ba.

Sharaɗin zama ɗan asalin jiha yana da wani nauyi na daban a kan matar aure, kuma akwai misalin da ya fito da wannan fili. A watan Nuwamba na 2012 an shirya rantsar da sababbin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara, cikinsu har da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo, wadda haifaffiyar Jihar Anambra ce, ta auri ɗan Jihar Abia, ta kuma shafe shekaru masu yawa tana alƙalanci a Abia. A gurbin Abia aka gabatar da sunanta. Da ranar rantsuwa ta zo, sai aka rantsar da sauran aka dakatar da ita saboda ƙorafin cewa ba 'yar asalin jihar ba ce, kuma sai da Majalisar Dattawa ta sa baki kafin aka rantsar da ita a ƙarshen watan. Wadda ke shugabantar ɓangaren shari'a a lokacin mace ce, Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wanda hakan ke nuna cewa matsalar tana cikin ƙa'idar ne, ko wane ne ke riƙe da alƙalami. Mata 'yan siyasa sun san wannan magana sarai. A jihar miji a ce wa mace ta koma garinsu ta nema, a jihar iyaye kuma a ce mata ai ta riga ta zama ta wasu.

Idan aka koma ga majalisun ba da shawara, inda ake tsara abin da shugaba zai sa wa hannu, giɓin ya fi faɗi kuma ba a cika lura da shi ba, domin babu zaɓe a ciki, kuma mafi yawansu ba sa bi ta gaban Majalisar Dattawa domin tantancewa. A watan Satumba na 2019 Shugaba Buhari ya kafa majalisar ba shi shawara kan tattalin arziki mai mutum 8 ƙarƙashin Doyin Salami, mace ɗaya ce a ciki, Dakta Iyabo Masha. A watan Yuni na 2023, rukunin farko na masu ba Shugaba Tinubu shawara na musamman mutum 8 ne, mata biyu, Olu Verheijen a kan makamashi da Dakta Salma Ibrahim Anas a kan lafiya, kafin daga baya a ƙara wasu irin su Hadiza Bala Usman. A irin waɗannan naɗe-naɗe sashe na 151 bai ɗaure shugaban ƙasa da sharaɗin jiha ɗaya mutum ɗaya ba, saboda haka uzurin gurbin jiha ma bai taso ba.

Majalisar Ƙoli ta Ƙasa kuwa tana nuna wata hanyar da ƙarancin ke haifar da kansa. Ba a naɗa mutum cikinta don an ga ya dace, muƙamin da mutum ya riƙe ne ke kai shi: shugaban ƙasa da mataimakinsa, tsofaffin shugabannin ƙasa, tsofaffin alƙalan alƙalai, shugabannin majalisun tarayya biyu, dukkan gwamnoni, da ministan shari'a. Tunda har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba, kujeru 36 na gwamnoni na maza ne tun kafin a fara zama. Virginia Etiaba ta riƙe Jihar Anambra na kusan wata uku daga Nuwamba 2006 bayan an tsige Peter Obi, ta kuma sauka da kotu ta mayar da shi. Mace ta farko da ta samu kujerar dindindin a majalisar ita ce Aloma Mukhtar, bayan ta yi ritaya a 2014. Haka abin yake a Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda mataimakin shugaban ƙasa ke jagoranta, gwamnoni kuma su ne mafi yawan mambobinta. Duk wadda aka tare a matakin zaɓen fid da gwani na jam'iyya, an tare ta ke nan daga waɗannan ɗakunan shawara gaba ɗaya.

Hujjar da aka fi ji ita ce wai ba a samun matan da suka cancanta. A ganina wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta idan aka dubi aikin gwamnati na dindindin, inda ake hawa mataki-mataki ta hanyar jarrabawa da shekarun aiki. Daga 2015 zuwa 2024 mata uku ne a jere aka naɗa a muƙamin shugaban ma'aikatan tarayya, wato Winifred Oyo-Ita, da Folasade Yemi-Esan, da Didi Walson-Jack, kuma a 2024 Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta zama mace ta biyu da ta shugabanci Kotun Ƙoli. Amina Mohammed, wadda ta bar kujerar ministar muhalli, ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, Okonjo-Iweala kuma ta zama shugabar Hukumar Kasuwanci ta Duniya a 2021. Inda ake da tsani bayyananne mata suna kaiwa ƙololuwa, ƙarancinsu ya fi tsanani ne a inda ake raba muƙami a matsayin sakayyar siyasa.

Masu fafutuka sun fahimci cewa manufa ba ta isa ba, shi ya sa suka nemi a shigar da batun cikin kundin tsarin mulki. A ranar 1 ga Maris, 2022, wata guda kafin hukuncin kotu, majalisun tarayya biyu suka kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirori masu yawa na gyaran kundin, biyar daga ciki sun shafi mata: ƙirƙirar kujeru na musamman 111, wato 37 a Majalisar Dattawa da 74 a ta Wakilai, ba wa mijin 'yar Najeriya ɗan ƙasar waje damar zama ɗan ƙasa, ba wa matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar, ware wa mata kashi 35 cikin 100 na shugabancin jam'iyyu, da kuma ƙayyade wani kaso na ministoci da kwamishinoni. Uwargidan shugaban ƙasa Aisha Buhari ta je majalisar lokacin da aka gabatar da rahoton, uwargidan mataimakinsa Dolapo Osinbajo kuma tana zaune a zauren ranar ƙuri'a. Gyaran kundi yana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, wato sanatoci 73 da 'yan majalisar wakilai 240, sannan amincewar majalisun jihohi 24. Babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya tsallake.

Washegari mata suka yi dafifi a ƙofar majalisar, suka yi kwanaki suna zaman dirshan, har a ranar 8 ga Maris, wadda ta dace da ranar mata ta duniya, Majalisar Wakilai ƙarƙashin Femi Gbajabiamila ta janye matsayinta a kan uku daga cikin ƙudirorin da alƙawarin sake kaɗa ƙuri'a. Wa'adin majalisa ta tara ya ƙare a watan Yuni na 2023 ba tare da ko ɗaya ya zama doka ba. Abin lura a nan shi ne, a cikin wannan zagayen gyaran ne aka taɓa sashe na 147 da na 192, aka wajabta wa shugaban ƙasa da gwamnoni miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni cikin kwana 60 bayan rantsuwa, kuma Shugaba Buhari ya sa wa gyaran hannu a watan Maris na 2023. Ke nan majalisar ba ta ɗauki waɗannan sassa a matsayin abin da ba a taɓawa ba. Ta yarda ta ɗaure shugaba a kan lokacin da zai kawo sunaye, ta ƙi ɗaure shi a kan yawan matan da za su kasance a ciki.

Ba abin mamaki ba ne idan aka dubi waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar. Mafi yawan adadin mata da Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ta taɓa samu a zaɓe shi ne 9 a 2007. A zaɓen 2023 mata uku aka bayyana sun yi nasara, Ireti Kingibe da Ipalibo Banigo da Idiat Adebule, sai Natasha Akpoti-Uduaghan ta zama ta huɗu bayan ta yi nasara a kotu. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360 mata ba su kai 20 ba. Wannan kuwa a ƙasar da rajistar hukumar zaɓe ta 2023 ta nuna cewa kashi 47.5 cikin 100 na masu zaɓe sama da miliyan 93 mata ne. Idan matan jam'iyya suka ce su ne a layi tun asuba ranar zaɓe, amma ranar rabo sai a tuna da su a kujerar shugabar mata kawai, abin da suke nufi shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dalilan da ke hana su kaiwa ga takara sanannu ne. A 2022 jam'iyyar APC ta sa kuɗin fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na sanata miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10, kuma ko da yake manyan jam'iyyu kan yi wa mata rangwame a kuɗin fom, fom shi ne mafi arha a cikin abin da ake kashewa, domin daliget da 'yan rakiya da wakilan rumfuna ba su san rangwame ba. Ga tarurrukan dare inda ake yanke ainihin shawara, ga ɓata suna da ke taɓa mutuncin mace da gidanta fiye da yadda yake taɓa namiji, ga kuma tashin hankali na zahiri. A watan Nuwamba na 2019, bayan zaɓen gwamna a Jihar Kogi, an cinna wa gidan Salome Abuh, wata shugabar mata ta jam'iyyar PDP, wuta tana ciki, ta rasu. Duk macen da ke tunanin shiga siyasa, da danginta da za su ba ta shawara, suna jin irin wannan labari.

A Arewa abin ya fi muni, kuma bai kamata a ɓoye ba. Matan Arewa ba su samu damar kaɗa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda aka ɗaure sau da dama saboda siyasa. Bayan zaɓen 2023, majalisun dokokin jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato da Zamfara babu mace ko ɗaya a cikinsu, alhali a waɗannan majalisu ne ake amincewa da kasafin kuɗin asibitocin haihuwa da makarantun 'yan mata, a yankin da mutuwar mata wajen haihuwa da barin makaranta suka fi yawa. Wasu kan kafa hujja da addini, kuma gaskiya ne malamai sun yi magana mai tsawo a kan mace ta riƙe shugabanci mafi girma na al'umma. Sai dai kujerar kwamishina ko ta mai ba da shawara ko ta mamban kwamiti ba ita ce wannan ba. Sanannen abu ne a tarihin Musulunci cewa shawarar Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ita ce ta warware halin da aka shiga a Hudaibiyya, kuma a ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara karantar da matan karkara ta hanyar malamai mata da ake kira jaji da ɗalibansu 'yan taru tun a ƙarni na 19. Wanda ya hana mace kujerar shawara da sunan addini, shi ne ya kamata ya kawo dalili.

Akwai wuraren da aka gwada ɗaure alƙawarin da doka, kuma sakamakon ya bayyana. A Jihar Kwara, Gwamna AbdulRahman AbdulRazaq ya naɗa mata 9 cikin kwamishinoni 16 a 2019, sannan a 2021 ya sa hannu a kan dokar da ta hana kowane jinsi yin ƙasa da kashi 35 cikin 100 a majalisar zartarwa da wasu muƙaman siyasa na jihar. Mataki na biyun ya fi na farkon muhimmanci, domin yana nan ko bayan gwamnan ya tafi. A Jamhuriyar Nijar, dokar kaso ta shekarar 2000 ta ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, sai yawan mata a majalisar dokoki ya tashi daga mace ɗaya a zaɓen 1999 zuwa 14 a zaɓen 2004, kuma a 2019 aka ɗaga kason zuwa kashi 25 da kashi 30. Nijar ba ta fi Arewacin Najeriya yawan mata masu digiri ba, al'adu da addinin mafi yawan jama'ar kuma kusan ɗaya ne, saboda haka da wuya a ce al'ada ce kaɗai ke riƙe da adadin a wannan gefen iyaka.

Akwai suka guda da ya cancanci a saurara, wato cewa kaso zai amfani matan manya ne kawai, 'ya'yan gwamnoni da matan sanatoci, talaka kuma ba za ta gani a ƙasa ba. Wannan tsoro yana da tushe, domin waɗanda ke zaɓen maza a yau su ne za su zaɓi matan, kuma da ma'aunin da suka saba za su zaɓa. Amma irin wannan aibi yana tattare da rabon jihohi ma, inda gurbin jiha kan faɗa hannun ɗan gata, kuma ba a taɓa cewa a soke sashe na 147(3) saboda haka ba. Abin da sukar ke nunawa shi ne buƙatar a bayyana ƙa'idar naɗi, a kuma daina tura mata ma'aikatar harkokin mata da ta jin ƙai kaɗai, ana killace wa maza ma'aikatu irin su ayyuka da tsaro da shari'a.

A majalisa ta goma an sake gabatar da ƙudirin kujeru na musamman, wanda mataimakin kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya jagoranta, ya kuma tsallake karatu na biyu a watan Yuli na 2024. An rage adadin zuwa kujera ɗaya ga kowace jiha da Abuja a kowace majalisar tarayya, da kujeru uku a kowace majalisar jiha. Ƙudirin ya shafi kujerun majalisa ne kawai, bai taɓa ministoci da kwamishinoni da masu ba da shawara da shugabannin hukumomi ba, waɗanda su ne ƙarar 2020 ta yi magana a kansu. Waɗannan muƙamai ba sa buƙatar jiran sanatoci 73 da majalisun jihohi 24, domin shugaban ƙasa da kowane gwamna suna da ikon cika kashi 35 ɗin a jerin sunayen da za su miƙa na gaba, Majalisar Dattawa da majalisun jihohi kuma suna da ikon mayar da jerin idan bai cika ba.